Talibambam Mai Ƙin Girma

A gidan da mutumin nan ya tashi, a wani ƙauye na ƙasar Katsina, babu dabbar da ake ciyarwa don kallo kawai. Akuya tana ba da nono da 'ya'ya, ran da buƙata ta taso kuma a ja ta zuwa kasuwa. Rago yana jiran layya ko suna. Kaza ta ƙwai ce da saukar baƙo. Jaki yana kai taki gona, kare yana gadi, kyanwa ma ɓeraye ne suka samar mata wurin zama. Tun yana ɗan shekara bakwai mahaifiyarsa ta ɗora masa kula da awakinta, ta kuma kafa masa doka guda: ba zai taɓa kokonsa na safe ba sai awaki sun sha ruwa. In ya yi ƙorafi takan ce, “Dabbar da ka ɗaure ba ta iya zuwa rijiya da ƙafarta. Ƙishinta a wuyanka yake.”

Yaron ya girma, ya yi karatun jinya, neman abinci ya kai shi Ingila. Ya zauna a kudancin Landan, a hawa na ƙarshe na wani tsohon bene, shi da matarsa da 'ya'yansu uku, yana aikin dare a wani asibiti. Babbar 'yarsa sunan mahaifiyarsa ta ci, saboda haka ba ya kama sunanta. Ummi ake ce mata a gida, shi kuwa yakan ce “Mamana”. Abu ɗaya ne yake damunsa game da yaran. Suna jin Hausa sarai, amma in ya yi musu magana da ita, da Turanci suke amsawa. Ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya yi alkawarin tukuici, duk a banza.

A shekarar 2021 masu wasan kwamfutar nan da ake kira Minecraft suka saka wata 'yar dabbar ruwa a cikin wasan, sunanta aksolotil. Yara da yawa a Turai da Amurka ba su taɓa jin sunanta ba sai a lokacin, nan da nan kuwa suka dami iyayensu a sayo musu mai rai. Ummi tana da shekara 9. Wata rana da yamma, uban yana shirin fita aiki, ta kawo masa hoton dabbar a waya. Ya duba, ya ga wani abu fari mai faffaɗan kai da 'yan ƙafafu huɗu, bakinsa a shafe kamar mai murmushi.

“Mamana, mene ne amfaninsa?” in ji shi.

Ta yi shiru, ta yi tunani, sa'an nan ta ce da Turanci ba shi da wani amfani, ita dai tana sonsa.

Ya tafi aiki da niyyar ya ce a'a. Amma cikin dare, yana zagaya marasa lafiya, wata dabara ta faɗo masa. Da safe ya kira ta ya kafa sharuɗɗa biyu. Na farko, ita ce mai kiwo, kuma ba za ta karya kumallo ba sai ta duba dabbarta. Na biyu, duk maganar da ta shafi wannan dabba, da Hausa za a yi ta. Ummi ta dube shi, ta ga ba wasa yake yi ba, ta ce, “To, Baba.”

Shi a zatonsa za a sayo akwatin gilashi a zuba ruwa a jefa dabba a ciki, shi ke nan. Ashe ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Da suka fara karatu sai suka gane cewa mai kiwon aksolotil, ruwa yake kiwo kafin dabba. Ruwan famfo yana da sinadarin kulorin, dole a kashe shi da magani tukuna. Kashin dabbar yana sakin amoniya a cikin ruwa, ita kuwa guba ce mai ƙona fata. Abin da ke maganinta wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ke zama a cikin soson matatar ruwa, suna juya ta zuwa wani sinadari, wasu kuma su juya wannan zuwa wani mai sauƙin illa, wanda ake ragewa ta hanyar canza wani kashi na ruwan kowane mako. Kafin waɗannan ƙwayoyi su yawaita sai an yi makonni. Haka tanki mai cin lita 120 ya zauna a falo har mako shida, babu komai a ciki sai ruwa da lallausan yashi da tsire-tsire. Kullum Ummi takan ɗebi ruwan a 'yar kwalba, ta ɗiga magani, ta gwada launinsa da na takarda. A nan ta koyi “rawaya” da “kore” da “shuɗi”, ta koyi “ya yi” da “bai yi ba tukuna”. Matar gidan takan wuce ta ce, “Baban Ummi, yaya garken naku?” Su duka su yi dariya.

A watan Oktoba suka je gidan wata mata mai kiwonsu suka sayo guda biyu, kowane bai wuce tsawon yatsa ba. Ɗaya fari ne mai baƙaƙen idanu, ɗaya kuwa baƙi-baƙi mai ɗigo-ɗigo, wanda shi ne ainihin launin na daji. Ummi ta sa musu suna Fari da Baƙi.

Aksolotil ba kifi ba ne, ba kuma ƙadangare ba ne, ko da yake ya ɗebo kama da kowannensu. Ɗan dangin kwaɗo ne, daga reshen da ake kira salamanda, wato masu jela. Babba yakan kai santimita 23 ko fiye, a hannun mai kula kuma yakan rayu shekara 10 zuwa 15. A kowane gefen kansa akwai tukkaye uku masu laushi kamar gashin tsuntsu, da su yake shaƙar iskar da ke cikin ruwa. Idanunsa ba su da marfi, saboda haka ba ya son haske, sai an sa masa wurin ɓuya. Ba ya tauna abinci. Buɗe baki yake yi farat ɗaya ya zuƙe duk abin da ke gabansa. Shi ya sa ba a zuba masa tsakuwa a ƙasan tanki, don zai haɗiye ta ta toshe masa ciki. Abincin da ya fi dacewa da shi tana ce. Ran da aka kawo robar tana ta farko, Ummi ta ja da baya tana yatsina fuska. Uban ya ce, “Mamana, mai kiwo ba ya ƙyamar abincin dabbarsa.” Ta rufe ido ta ɗauko guda.

Ranar Juma'a ce ranar kiran gida. Aka kira tsohuwa ta bidiyo, Ummi ta juya wayar ta nuna mata tankin. Tsohuwa ta matso da fuska ta daɗe tana kallo.

“Takwara, wannan kifi ne ko kwaɗo?”

Ummi ta haɗa 'yan kalmominta ta ce, “Ɗan'uwan kwaɗo ne, Kaka. Amma ba ya fita daga ruwa.”

“Ana ci?”

“A'a!”

“Ana sayarwa a ci riba?”

Uban ya sa baki ya ce, “Inna, na kallo ne kawai.” Sa'an nan ya yi mata bayani. Ɗan kwaɗo yana farawa a ruwa da jela da abin numfashin ruwa, in ya girma sai ya zubar da su ya hau tudu. Wannan kuwa yakan balaga har ya haihu, amma da siffar ƙuruciyarsa yake mutuwa. Jikinsa ba ya ba da isasshen sinadarin da ke sa 'yan'uwansa su rikiɗa.

Tsohuwa ta tafa hannu ta ce, “Ikon Allah! Ashe talibambam ne mai ƙin girma. To, kishiya, kin samo daidai ke.” Daga ranar sunan ya bi dabbar a gidan.

Son dabbar ya ja uba da 'ya ga neman asalinta. Duk duniya, aksolotil wuri guda ya sani a matsayin gida: tafkunan kwarin Meziko, inda babban birnin ƙasar yake a yau, a kan tudu mai tsawon fiye da mita 2,200, inda ruwa yake da sanyi. Sunan daga harshen Nahuwatil ya fito, harshen Aztekawa. A tatsuniyarsu, wani abin bautarsu mai suna Sholotil ya gudu don kada a yanka shi, ya rikiɗa ya zama masara, ya zama wani tsiro, daga ƙarshe ya faɗa ruwa ya zama wannan dabba. Mutanen wurin sun daɗe suna cinta, suna kuma yin maganin tari da ita. Da Ummi ta gaya wa kakarta haka, tsohuwa ta ce, “Yawwa, na san dai ba a rasa mai ci ba.”

A shekarar 1864 aka kai guda 34 masu rai birnin Paris. Wani masanin dabbobi, Auguste Duméril, ya karɓi wasu daga cikinsu, suka hayayyafa a hannunsa, ya rarraba 'ya'yan ga masu bincike a ƙasashen Turai. Abin da ya sa masana suka riƙe dabbar har yau shi ne wata baiwa da take da ita. In ƙafarta ta gutsure, wata takan fito, da ƙashi da tsoka da jijiya, ba ko tabo. Haka jela, haka lakar baya, har da wani sashe na zuciya da ƙwaƙwalwa. Mutumin nan ya yi shekaru yana wanke raunukan waɗanda ciwon suga ya sa aka yanke wa ƙafa. Da ya karanta wannan, ya daɗe tsaye a gaban tankin bai ce komai ba.

Jarrabawar farko ta zo a watan Yuli na 2022. Aksolotil ya fi jin daɗin ruwa mai sanyin digiri 16 zuwa 18 a ma'aunin Salshiyas. In ya haura 24 ya daɗe a haka, dabbar takan daina ci, cuta ta kama ta, ta mutu. A wancan mako hukumar kula da yanayi ta Birtaniya ta ba da jan gargaɗi na zafi, irinsa na farko a tarihinta. Ranar 19 ga wata zafi ya kai digiri 40.3 a wani gari mai suna Coningsby, a Landan ma ya haura 40, abin da ba a taɓa aunawa ba a ƙasar. Gidajen Ingila kuwa don riƙe ɗumi aka gina su, hawa na ƙarshe ya zama kamar tanda.

Mutumin da ya yi shekara goma sha takwas yana kukan sanyin Ingila, ga shi yau yana roƙon Allah ya kawo sanyi. Tun ranar Litinin suka rufe labule, suka ɗora fanka tana hura saman ruwan, suka cika robobi da ruwa suka daskarar, suna jefa ɗaya in ɗaya ta narke. Shi kuwa dole ya tafi aiki, don asibiti ya cika da tsofaffin da zafi ya kayar. Duk sanda ya sami sarari sai ya kira gida.

“Mamana, nawa ne?”

“Ashirin da ɗaya, Baba.”

Can ya sake kira. “Ashirin da uku. Fari ya ƙi cin tana. Tukkayensa sun lanƙwaso gaba.” Muryarta tana rawa, amma ko kalma ɗaya ta Turanci ba ta shiga ba, ita ma ba ta lura ba.

Ya ce a ba shi mahaifiyarta. Suka yi shawara, matar ta buɗe firji ta kwashe tukunyar miya da kwanon nama ta kai wa maƙwabciya ajiya. Aka rage sanyin firjin, aka sa kowace dabba a robarta mai marfi, aka bi a hankali don kada sauyin ya zo musu farat ɗaya. Kwana biyu suka yi tsakanin madara da tumatir. Da gari ya huce aka mayar da su tanki, a rana ta uku Fari ya zuƙe tana. A watan da ya biyo baya mutumin ya sayi na'urar sanyaya ruwa da kuɗin da ya tara don sayen sabuwar waya. Matarsa ba ta ce komai ba, murmushi kawai ta yi.

Jarrabawa ta biyu ta fi ta farko nauyi, kuma a wannan karon da hannunsa a ciki. Wata safiya a watan Fabrairu na 2023 Ummi ta ta da shi daga barci tana haki. Ganyayen tankin duk sun cika da wasu ƙananan ƙwallaye masu yauƙi, kowane da ɗigo a tsakiya, kowane a manne shi kaɗai. Ashe Fari mace ce. Aksolotil ba a gane namiji da mace sai ya kusa shekara ko fiye, su kuwa ba su taɓa dubawa da kyau ba. Namiji yakan ajiye 'yan ƙunsoshin maniyyi a ƙasan ruwa, mace ta bi ta ɗauka, bayan kwana ɗaya ko biyu ta fara saka ƙwai, daga ɗari har zuwa dubu. Ummi ta ƙirga ta kai 300 ta gaji. Abu na farko da ta yi shi ne gyaran suna: daga yau ba Fari ba ce, Fara ce.

Ya nemi shawarar wani dattijo Bature da ya daɗe yana wannan kiwo. Dattijon ya tambaye shi inda ya samo su. Da ya ji cewa wuri guda aka sayo su, rana guda, girmansu ɗaya, sai ya ce lalle wa da ƙanwa ne, kuma 'ya'yan irin wannan haɗi sukan zo da nakasa. Shawararsa ita ce a bar goma, ko ma kada a bar ko ɗaya, sauran a sa su a ƙanƙara tun ba su zama komai ba, kamar yadda masu kiwo suke yi. Ummi ta ji haka ta fashe da kuka. Uban ya dubi hawayenta, zuciyarsa ta karye, ya yarda a bar 60. Ya san ba daidai ba ne tun a lokacin.

Bayan mako biyu suka ƙyanƙyashe, kowane kamar tsinken ashana da aka karya. Jariran ba sa cin abin da ba ya motsi, saboda haka dole a riƙa ƙyanƙyasar musu wasu 'yan mitsi-mitsin jatan lande a cikin ruwan gishiri, sabo kullum. Dole a canza musu ruwa kullum. Robobi suka cika teburin cin abinci, suka gangara ƙasa, suka shiga banɗaki. Mutumin yakan dawo daga aikin sa'a 12 ya tsuguna yana zuƙe ƙazanta da 'yar roba har rana ta ɗaga. Wasu jariran suka fito a karkace, suna juyi wuri guda, ba sa iya kama abinci, suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Da ƙafafu suka fara fitowa, na gaba tukuna sa'an nan na baya, sai wata masifa ta ɓullo. Ƙaramin aksolotil yana kai baki ga duk abin da ya gifta, ko da ƙafar ɗan'uwansa ce. Cunkoso ya sa suka dinga cin juna. Wata safiya Ummi ta tarar da guda bakwai babu ƙafa, wani babba kuma jelar ƙaninsa tana leƙowa daga bakinsa. Ba ta yi kuka ba a wannan karon. Ta zauna a ƙasa ta ce, “Baba, mu muka yi musu haka.” Bai musa mata ba.

Ƙafafun sun sake fitowa cikin 'yan makonni, kamar yadda littafi ya faɗa. Da farko wani ɗan kumburi, sa'an nan ya miƙe, sa'an nan yatsu. Gani ya kori ji. Amma waɗanda suka mutu sun mutu. Cikin 60, guda 22 suka rayu, su ma kuma kowane yana bukatar tanki da sanyi da mai kula na shekara goma ko fiye.

Ummi ce ta zo da abin da take gani mafita ce. Ta karanta cewa dabbar tana gab da ƙarewa a ƙasarsu. Ta ce, “Baba, mu aika da su gida mana.”

Ya zaunar da ita suka bi labarin tare. Tafkunan nan na kwarin Meziko an janye ruwansu tun ƙarnoni da suka wuce, birni ya hau kansu. Abin da ya rage wa aksolotil shi ne magudanan Sochimilko a kudancin birnin, inda manoma suke shuka a kan 'yan tsibiran da kakanninsu suka gina da laka, waɗanda ake kira cinamfa. Ruwan ya gurɓace. Daga shekarun 1970 kuma aka zuba baƙin kifaye a ciki don mutane su sami abinci, kifin kaf na Asiya da karfasa ta Afirka. Karfasar nan dai da ake soyawa a bakin kasuwannin ƙasar Hausa, ita ce take cinye ƙwai da jariran aksolotil a can. A ƙidayar 1998 an sami kimanin guda 6,000 a kowane murabba'in kilomita. A ta 2014 an sami 36. Tun 2006 aka sa dabbar a jerin waɗanda suke bakin ƙarewa. A 2021 ƙasar Meziko ta buga hotonta a takardar kuɗi ta feso 50, ga ta kuma a dubban gidaje daga Japan har Jamus, amma a ruwan da aka halicce ta sai an sha wuya kafin a ga guda.

“To ai shi ya sa za mu aika,” in ji Ummi.

Ya ce ba za a karɓa ba. Na farko, ruwan da ya kashe na can zai kashe nata. Na biyu, na gida sun daɗe da rabuwa da na daji. Sun yi fiye da shekara 150 suna auren dangi a cikin gilashi. A shekarun 1960 kuma wani masani a Amurka, Rufus Humphrey, ya haɗa su da wani salamanda na daban don ya sami zabiya, jinin wannan baƙo yana yawo a jikin na kiwo har yau. Masana irin su Luis Zambrano na babbar jami'ar ƙasar Meziko sun ce gyaran gidan ne magani. Shi ya sa suke aiki da manoma, suna tace ruwan wasu magudanai, suna toshe su don kada karfasa ta shiga. Ya ƙara mata da cewa a nan Ingila ma laifi ne, a dokar 1981, mutum ya saki baƙuwar dabba a kogi ko kududdufi.

Yarinyar ta yi shiru. Can ta ce, “Wato ba za su taɓa komawa ba. Sun yi kama da na can, amma ba na can ba ne.”

Maganar ta soki uban a inda bai zata ba. Ya tuna gidan da yake ginawa a Katsina shekara tara ke nan, wanda bai taɓa kwana a ciki ba. Ya dubi 'yarsa, mai sunan mahaifiyarsa, wadda sau biyu kacal ta taɓa taka ƙasar Hausa. Ya so ya ce mata mutum ba dabba ba ne, mutum yana iya koyon hanyar gida. Bai faɗa ba, domin ya lura da Hausa ta yi maganar tun daga farko har ƙarshe.

Wata huɗu suka yi suna neman masu karɓa. Ba su sayar ba, kyauta suka bayar, amma da sharaɗi: sai mutum ya nuna hoton tankinsa da sakamakon gwajin ruwansa. Ummi ce mai tambaya. Wani ya zo da 'yar kwalbar da ake sa kifin ado, ta ce a'a. Wani ya ce a kududdufin lambunsa zai saka, ta ce a'a. Wata mata ta zo da ɗanta, suka tafi suka yi mako shida suna shirya ruwa, suka dawo, Ummi ta ba su mafi kyau a cikinsu.

Ana cikin haka uban ya yi sakaci na biyu. Ya yi ta ɗaga sayen wani tanki don a raba Baƙi da Fara, yau aiki, gobe gajiya. A watan Afrilu ganyaye suka sake cika da ƙwai. Yawan saka ƙwai yana rage wa mace ƙarfi, Fara kuwa ta rame. Ranar Juma'a ce, aka kira gida, Ummi ta kwashe labari duka ta gaya wa kakarta, har da shawarar dattijon nan da ta ƙi ji.

Tsohuwa ta saurara har ƙarshe. Sa'an nan ta ce, “Takwara, in kazata ta tara ƙwai ashirin, kina tsammani duka nake bar mata? Ina duba faɗin fikafikanta, in bar mata abin da za ta iya rufewa. In na bar mata duka, na gefe su yi sanyi, ta juya su, na tsakiya su koma gefe, a yi asarar duka. Ke faɗin fikafikanki nawa ne?”

Ummi ta dubi robobin da ke ƙasa, ta ce, “Sun cika, Kaka.”

“To, kin ba kanki amsa.” Daga nan tsohuwa ta juya kan ɗanta, ba ta kama sunansa ba, don ɗan fari ne. “Kai kuma, wa ya koya maka barin bunsuru cikin awaki ba da shiri ba?” Mutum mai furfura a gemu ya sunkuyar da kai ya ce, “Na yi kuskure, Inna.”

A daren Ummi da kanta ta tsince ƙwan ɗaya bayan ɗaya, ta sa a roba, ta ce bismillah, ta kai cikin ƙanƙara. Washegari aka sayo tanki na biyu.

Yau Baƙi da Fara suna nan, kowa a gidansa, gilashi yana kallon gilashi. Ba su sake haihuwa ba, ba kuwa za su sake ba. A 2025 Ummi ta zo wa ubanta da wani labari: masana a Meziko sun saki guda 18 da suka raina da kansu, wasu a magudanan da aka gyara a Sochimilko, wasu a wani tafki na gwaji, sun bi su da na'ura, dabbobin kuma sun rayu, har waɗanda aka sake kamawa sun ƙara nauyi. Ta fassara masa labarin da Hausa, inda ta rasa kalma ta ƙirƙiro tata, inda ta yi kuskure ya gyara mata. Ƙannenta biyu har yanzu da Turanci suke amsawa, sai dai ƙaramin ya fara zuwa bakin tanki da safe yana tambaya ko yau shi zai ba da tana.

Mutumin bai sami amsar tambayarsa ta farko ba. Dabbar ba ta ba da nono, ba ta gadi, ba ta san shi ba balle ta gode masa. Ya dai daina tambayar. In ya dawo daga aiki da asuba yakan tarar da 'yarsa tsaye da ma'aunin zafi a hannu, shayinta yana hucewa a kan tebur. Ranar Juma'a kuma, in tsohuwa ta gama tambayar gajiya da sanyi da iyali, takan ce, “Ba ni takwarata.” In an ba ta sai ta ce, “Yaya kiwo?”

Ummi ta ce, “Kiwo lafiya lau, Kaka. Sun sha ruwa.”